Tambayoyin Masu Karatu: Ta Yaya Likita Ya Gane Ciwon Damuwa Ne Alhali Bai Auna Jinina Ba?

A wannan fitowa wasiƙu uku muka zaɓa, dukkansu daga unguwannin zango na nan Kumasi a ƙasar Gana, kuma dukkansu a kan halin da zuciyar mace ke shiga bayan Allah ya sauke ta. Kamar yadda muka saba, mun ɓoye sunayen masu tambayar.

Tambaya ta farko, daga wata mai goyo a Aboabo

Assalamu alaikum, Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Yau wata uku da 'yan kwanaki ke nan da na haifi ɗana na biyu, kuma tun da muka yi arba'in mahaifiyata ta koma gida Tamale ban sake jin daɗin komai ba. Ina kuka ba tare da an yi mini komai ba, abinci ba ya shiga, kuma ko yaron ya yi barci ni idona biyu har a kira assalatu. Ina ba shi nono, ina yi masa wanka, amma ba na jin irin son da na ji lokacin da na haifi yayarsa, sai in riƙa ganin ni muguwar uwa ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke, shi ne idan na ɗauke shi zan sauko daga bene sai in ga kamar ya suɓuce daga hannuna ya faɗi, kuma idan na ga wuƙa sai gabana ya faɗi, har na daina yanka ko albasa idan yana kusa. Wallahi, Hajiya, ba na son komai ya same shi.

Ranar da na kai shi awo wata nas ta lura da ni, ta tura ni wurin likita. Ya yi mini tambayoyi na kusan rabin awa, rabi da Turanci rabi da harshen Twi, sannan ya ce ina da ciwon damuwa na bayan haihuwa, ya rubuta mini magani, ya ce in dawo bayan mako biyu. Bai ɗebi jinina ba, bai ɗauki hoton kaina ba. Surukata ta ce iska ce ta shafe ni a wurin wankan jego, a kai ni wurin malam. Wata maƙwabciya ta ce son jiki ne. Maigidana kuwa ya ce idan aka ji ina shan maganin masu taɓin hankali sunan gidanmu ya ɓaci. Maganin yana nan cikin akwati ban taɓa shi ba. Ta yaya ake gane ciwo da baki kawai? Shin na haukace ne? Kuma maganin ba zai cutar da yaron ta cikin nono ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya yaron, ya sa ya zama sanyin idonki. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin in ɗauki alƙalami, kuma zan fara da tambayar da na san ita ce ta fi yi miki nauyi. Ba ki haukace ba. Macen da ta zauna ta jera damuwarta daki-daki kamar yadda kika yi, ta san lokacin da abin ya fara, ta san abin da ke ba ta tsoro, tana cikin hankalinta sarai. Abin da kika kwatanta ciwo ne sananne, wanda na gani a jikin mata masu yawa a shekarun da na yi ina karɓar haihuwa da jinyar masu jego, kuma ana warkewa daga gare shi.

Babu wani gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ciwon damuwa, ko a Kumasi ko a Landan. Ya bambanta da zazzaɓin cizon sauro, wanda za a soki yatsa a sami sakamako cikin 'yan mintoci. Da sauraro ake gane shi, amma sauraro ne mai ƙa'ida, wanda likitocin duniya suka yi ittifaƙi a kansa. Abin da likita yake neman ji da farko shi ne ko mace ta kwashe aƙalla mako 2 tana cikin baƙin ciki kusan kullum, mafi yawan wuni, ko kuma ta daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta mata rai, kamar hira da 'yan uwa, ko zuwa biki, ko kwalliya. Dole ne a sami ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Daga nan sai ya bi sauran alamomin, wato lalacewar barci, raguwar cin abinci ko ƙaruwarsa fiye da kima, mutuwar jiki, yawan zargin kai da ganin ba ta da amfani, kasa tara hankali wuri ɗaya ko yanke shawara a kan ƙaramin abu, sanyin motsi ko kasa zama wuri ɗaya, da tunanin mutuwa. Idan alamomi 5 daga cikin waɗannan 9 suka taru, har suka hana mace tafiyar da rayuwarta yadda ta saba, a nan ne likita yake sanya wa abin suna. Ki ƙirga abin da kika rubuto mini da hannunki, za ki ga likitanki ba da ka ya yi magana ba.

Inda abin yake da wuya ga mai jego shi ne babu uwar jaririn da take samun isasshen barci, kuma babu wadda ba a gajiye take ba. Saboda haka likita mai lura ba ya tsayawa a kan gajiya kaɗai. Tambayar da ke raba gardama ita ce: idan yaro ya yi barci, ke kina iya yi? Kin riga kin amsa ta. Haka nan idan ya tambaye ki ko a baya kin taɓa yin kwanaki kina jin ƙarfi fiye da kima, ba kya buƙatar barci, magana ba ta ƙare miki, ko kuma ya tambayi tarihin danginku, yana da dalili: akwai wani ciwon daban da ke sa mutum ya riƙa hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, kuma maganinsa ba ɗaya ba ne da na ciwon damuwa zalla.

Wataƙila a cikin tambayoyin da aka yi miki akwai guda 10 da aka karanto daga takarda. Wasu masana uku ne suka tsara su a ƙasar Sikotilan, suka wallafa su a shekarar 1987, ana kiransu ma'aunin Edinbura. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30, kuma duka a kan kwana 7 da suka wuce suke tambaya. An tsara su ne su mai da hankali kan abin da ke cikin zuciya, kamar ko mace tana iya dariya, ko tana zargin kanta, ko tana firgita babu dalili, saboda an san gajiyar jiki ta kowace mai jego ce. Akwai kuma wani ma'aunin mai tambaya 9, wanda masu bincike a garin Kintampo na nan Gana suka gwada da harshen Twi a kan matan da suka haihu, suka wallafa a 2009 cewa ya dace da mutanen ƙasar nan. Sai dai takardun nan rariya ce ta tankaɗe, aikinsu ware waɗanda ya kamata a zauna da su a tsanake. Zaman da kika yi da likita shi ne ke tabbatarwa.

Duk da haka, tambayarki game da jini tana kan hanya, kuma da ni ce zan so a auna shi. Ƙarancin jini, musamman ga wadda ta zubar da jini da yawa a wurin haihuwa, yana kawo kasala da jiri da bugun zuciya. Akwai kuma wata halitta a wuya da ake kira tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, kuma takan rikice a shekarar farko bayan haihuwa ga kusan mace 1 cikin 20, ta jawo fargaba ko mutuwar jiki da baƙin ciki. Zazzaɓin cizon sauro ma yana iya laɓewa a bayan kasala. Idan kin koma, ki nemi a duba waɗannan cikin ladabi, domin haƙƙinki ne, kuma samun ɗaya daga cikinsu ba ya kore ciwon damuwa, sau da yawa tare suke zuwa. Bari in ƙara wata magana tun da mun taɓo jiki: idan mai jego tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a ce damuwa ce, a duba zuciyarta. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya a Najeriya suka rubuta alaƙar da suka gani tsakanin yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, kuma mu ma a zango muna damawa da kanwar nan.

Tun da da sauraro ake gane ciwon, to ingancin abin da likita zai gano ya dogara ne da abin da kika gaya masa. An rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a zaman gida, amma ɗakin likita wurin wanka ne, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Na kuma lura an yi miki tambayoyin da harsuna biyu waɗanda babu ɗaya daga cikinsu da kike kuka da shi. Mu da Hausa ba mu cika cewa muna baƙin ciki ba, sai mu ce tunani ya yi mana yawa, ko kanmu ya yi nauyi, ko ƙirjinmu na zafi, ko jikinmu ya mutu, kuma wanda bai san harshen ba zai iya rubuta maganin ciwon kai ya sallame mu. Ki nemi a haɗa ki da ma'aikaciyar da ke jin Hausa, akwai su a asibitocin garin nan, ko ki tafi da 'yar uwar da kika amince da ita. Kada mai fassarar ya zama wanda kike jin nauyin faɗin gaskiya a gabansa.

Yanzu ga maganar bene da wuƙa, wadda na san da hannu na rawa kika rubuta ta. Irin waɗannan hotuna masu ban tsoro da ke faɗo wa zuciya ba tare da an gayyace su ba suna zuwa wa iyaye masu yawan gaske a watannin farko, mata da maza, har waɗanda ba su da wani ciwo, sai dai kowa yana ɓoye nasa yana zaton shi kaɗai ne. Alamar da ke kwantar mini da hankali a kanki ita ce tunanin yana firgita ki, kin san ba son ranki ba ne, har kina nisantar wuƙa domin ki kare yaron. Wannan fargaba ce da ta wuce iyaka, irin ta uwar da ke tsaron ɗanta, kuma masu irin wannan tunani ba su ne ake tsoron su cutar da 'ya'yansu ba. Amma ki gaya wa likita kamar yadda kika gaya mini, da kalmomin nan, domin fargaba da maimaituwar mugun tunani suna da hanyar da ake bi da su, kuma sanin su zai taimaka masa wajen zaɓen magani da yawansa. Game da son da kika ce ba kya ji kuwa, ciwon ne ya danne shi kamar yadda zazzaɓi ke ɗauke ɗanɗanon abinci. Yana dawowa idan ciwon ya sake ki.

Me ya kawo shi? Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran jiki biyu da suka riƙe cikin wata tara, wato istirojin da furojestaron, suna zubewa ƙasa cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwaƙwalwar wasu mata ta fi ta wasu jin wannan faɗuwa. Sai rashin barci ya hau kai, sai ciwon jiki, sai nauyin gida. A wasiƙarki akwai jimla ɗaya da ta tsaya mini a rai: abin ya fara ne bayan mahaifiyarki ta koma. Kakanninmu da suka ware kwana 40 domin mai jego, a dafa mata, a yi mata ruwan wanka, a karɓar mata jariri ta runtsa, sun san abin da suke yi. Illar ita ce ranar da arba'in ta cika kowa yakan watse lokaci ɗaya, a bar mace ita kaɗai a ɗakin haya da jariri da yayarsa, ga tunanin kuɗin haya, ga jarin sana'a da ya narke a hidimar suna. Ma'aikaciyar gwamnati ko kamfani ma mako 12 dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ta, mai sayar da koko ko mai rumfa a kasuwar Kejetia kuwa babu mai ba ta hutun ko kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Ma'ana, a layin awon da kika zauna, idan ku 10 ne, da wuya a ce ke kaɗai ce.

Ban ga laifin surukarki ba da ta ce a je wurin malam, domin da abin da ta sani take neman miki lafiya, kuma ba ni da hurumin yin fatawa. Addu'a da tofi da sauraron karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, babu likitan kirki da zai hana ki su. Abin da nake roƙo shi ne kada a sa ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya, kada kuma a ba ki jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba alhali kina shayarwa, ko a turara miki hayaƙi a ɗakin da jariri yake numfashi. Wanda kuma ya ce miki raunin imani ne, ki tuna masa Nana Maryam. A aya ta 23 ta surar da ke ɗauke da sunanta, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, kuma a ayoyin da suka biyo an kira ta an ce kada ta yi baƙin ciki, an nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, an ce ta ci ta sha hankalinta ya kwanta. Haka ya kamata a tarbi macen da haihuwa ta jijjiga. Maƙwabciyar da ta ce son jiki ne kuwa ta yi kuskure, domin mai son jiki ba ta kwana ido biyu.

Ba ki rubuto mini sunan maganin ba, don haka abu na farko shi ne ki tabbatar likitan ya san kina shayarwa. Akwai magungunan damuwa, irin su sataralin, waɗanda abin da ke shiga nono daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai, kuma mata a ƙasashe da yawa suna sha suna ci gaba da shayarwa. Ba irin ƙwayoyin nan ba ne da matasa ke sha su bugu, ba kuma ya canza wa mutum hali. Sai dai yana buƙatar haƙuri, domin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ji sauƙi sosai, kuma a kwanakin farko wasu kan ji tashin zuciya ko ciwon kai wanda ke wucewa. Mata da yawa a nan suke ajiye shi su ce bai yi aiki ba. Wasu kuma da zarar sun ji daidai sai su daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sannan a rage a hankali da shawarar likita. Idan kin ga yaron yana yawan barci fiye da yadda ya saba ko ya ƙi kama nono, ki kai rahoto. Ki kuma tambaya ko akwai wanda za ki riƙa zama da shi ana tattaunawa, domin magani ta hanyar magana yana aiki, ga masu ƙaramin ciwo ma shi ake fara bayarwa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na irin wannan zama wanda ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya gudanarwa, kuma a ƙauyukan Rawalpindi na ƙasar Pakistan aka fara gwada shi, a tsakanin mata Musulmi masu zaman gidan miji da surukai irin namu.

Maigidanki ina ganin tsoro ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, domin a zango idan aka ce maganin ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Pantang ko na Ankaful. Ki nuna masa wannan shafi, ki roƙe shi ya raka ki ranar komawa. Ciwonki daga gida ake jinyarsa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana mai lamba 846 ta shekarar 2012 ta ba majinyaci haƙƙin a rufa masa asiri, ta kuma hana a nuna masa bambanci. Babban taimakon da zai yi miki shi ne ya samar miki barcin awa 4 ko 5 a jere kowane dare, ko shi ya karɓi yaron bayan kin shayar da shi, ko a roƙi mahaifiyarki ta dawo na wata ɗaya, ko a ɗauko ƙanwa ta zauna da ku. Idan kuma, Allah ya kiyaye, wata rana zuciyarki ta fara raya miki cewa gara ki bar duniya, ko yaranki za su fi jin daɗi babu ke, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki gaya wa wani a take, ku je asibiti a ranar. Tun 2023 majalisar dokokin ƙasar nan ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, saboda haka babu mai kai ki gaban alƙali don kin faɗi abin da ke ranki.

Tambaya ta biyu, daga wani magidanci a Sawaba

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri da tambayata, hankalina a tashe yake. Iyalina haihuwar fari ce, yau kwana 9. Tun daren suna ba ta runtsa ba, magana take yi babu tsayawa, tana cewa ana kiranta daga bayan taga, jiya kuma ta ce an musanya mata jariri, wannan ba nata ba ne. Wani lokaci takan dawo daidai na awa ɗaya ko biyu, sai mu yi murna, sai abin ya dawo. Dangi sun ce aljanu ne, suna shirin kai ta wani ƙauye wurin mai magani. Me zan yi?

Amsa

Malam, wannan wasiƙa ban bari ta jira ranar buga mujalla ba, na aika maka da amsa a ranar da ta iso, kuma ina maimaita ta a nan ne domin wasu gidajen. Ka kai ta asibiti yau, ko da tsakar dare ne. A nan Kumasi, Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen gaggawa da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma idan babu abin hawa ko ta ƙi fita, lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da rikicewar hankali ta bayan haihuwa, wadda ta sha bamban da ciwon damuwar da muka yi bayani a sama. Tana samun mace 1 ko 2 cikin kowace haihuwa 1,000, yawanci a cikin mako 2 na farko, kuma takan faɗo ne farat ɗaya. Rashin barci na kwanaki, jin muryoyi, yarda da abin da ba haka yake ba, da lafawar da ke yaudarar dangi kafin abin ya sake tashi, duk halinta ne. Bambancinta da matar Aboabo a fili yake: waccan tana tsoron tunaninta ta kuma san ƙarya ne, iyalinka kuwa a yanzu ta gaskata abin da take ji, kuma a nan haɗarin yake gare ta da jaririn. Akwai dalili na biyu da ya sa asibiti ya zama dole. Ƙwayar cuta da ta shiga mahaifa ko jini, da hawan jinin da kan kai ga jijjiga ko bayan an haihu, suna iya rikita hankalin mai jego kamar haka, kuma waɗannan suna kisa cikin gaggawa idan ba a gano su ba. Mai maganin ƙauye ba shi da abin auna hawan jini.

Kafin ku isa, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a bar ta da jaririn babu babba a kusa. Kada a yi mata gardama a kan abin da take faɗa, kada a ɗaure ta, kada a doke ta da sunan korar aljani, domin na ga matan da suka warke daga ciwon amma tabon igiya da na bulala ya zauna musu a jiki da zuciya. Masu son yin addu'a su biyo ku su yi ta a bakin gadonta. Ka gaya wa likita idan ita ko mahaifiyarta ko 'yar uwarta sun taɓa yin irin wannan. Mai yiwuwa a kwantar da ita na wasu makonni, kuma mafi yawan mata suna dawowa cikin hankalinsu gaba ɗaya su rungumi 'ya'yansu, ko da yake murmurewar takan ɗauki watanni. Ka riƙe abu ɗaya domin gaba: ciwon yana iya dawowa a haihuwa ta biyu ga kusan rabin waɗanda suka taɓa yin sa, saboda haka duk lokacin da ta sake samun ciki, a sanar da masu awo tun zuwan farko domin a yi shiri.

Tambaya ta uku, daga wata kaka a Asawase

Hajiya, 'yata ta zo gida wanka. Tun kwana 4 da haihuwa take kuka, ta yi dariya, ta sake kuka, har ranar suna a gaban baƙi. Tana cin abinci, tana barci idan na karɓi jaririyar, tana kuma son abarta. In kai ta asibiti ne?

Amsa

'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika lura. Wannan shi ne ɗan rauni na zuciya da ke zuwa wa fiye da rabin masu jego daga kwana na 3 zuwa na 5, daidai lokacin da nono ke cika kuma sinadaran ciki ke sauka, kuma yakan wuce da kansa kafin mako 2 ba tare da magani ba. Cin abincinta da barcinta da son jaririyarta alamu ne masu kyau. Ki ci gaba da karɓar mata jaririyar, ki rage mata 'yan barka idan ta gaji, kada kuma ki bari kowa ya ce mata kukan butulci ne. Tun da tana cikin jinin biƙi ba ta salla, wasu matan kan ji kamar an raba su da wurin da suke kai kukansu, don haka ki tuna mata ƙofar zikiri da addu'a a buɗe take. Ki riƙa ƙirga kwanaki a ranki. Idan jaririyar ta cika kwana 14 kukan bai ragu ba, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta fara faɗin abin da ba ku gane ba, ki saka mayafinki ki raka ta asibitin da ta haihu da kanki, ki kuma faɗa wa nas abin da kika gani tun daga rana ta huɗu.